Mako bakwai ina koyon faɗuwa a tsakar gidanmu

'Yan uwa masu farar ɗamara irina, wato sababbin shiga, sannunmu da ƙoƙari. Yau mako bakwai ke nan da na fara zuwa ajin judo, kokawar Japanawa, a nan Katsina. Ranar Asabar kaɗai nake samun zuwa saboda shago, sauran kwanakin a gida nake maimaitawa bayan La'asar. Har yanzu ban kayar da kowa ba. Faɗuwa kawai ake koya mini, wadda Japanawa suke kira ukemi.

Da farko abin ya ba ni haushi. Mu da muka tashi muna kokawa a dandali, faɗuwa abin kunya ce a wurinmu, ana kai ka ƙasa 'yan kallo sun sa ihu. Sai ga shi na biya kuɗi ana koya mini ita. Malaminmu ya ce wasan nan, da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882 (wani a ajin ya tambaya ko Bakano ne, aka yi ta dariya), wasa ne da za a kayar da kai sau da yawa a yini guda. Wanda bai iya sauka ba, ba zai ga mako na biyu ba.

Wahalata ta farko ba a jikina take ba, a wurin faɗuwar take. Ɗakina siminti ne. Na haɗa katifu biyu na soso, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. A faɗuwa ta huɗu katifun suka rabu, gwiwar hannuna ta sami simintin da ke tsakani, na kwana biyu ina jin ta. Ban da haka, katifar kwana ta cika laushi: ƙafa tana nutsewa a ciki, mutum ba ya tsayawa daidai, kuma tana ɓoye kuskure, don ko ka faɗi ba daidai ba ba za ka ji komai ba. Tabarma kuwa a kan siminti santsi take yi, kada ma ku gwada.

Abin da ya fisshe ni shi ne ragowar yashin da magina suka bari a ƙofar gidanmu. Na tankaɗe shi na fitar da tsakuwa da ƙusoshi biyu da na tsinta a ciki, na baje shi a kusurwar tsakar gida, kaurinsa kamar taƙi ɗaya, faɗinsa ya ɗan fi mita biyu kowane ɓangare. Na rufe da tamfol, na danne gefuna da buhunan yashi maimakon bulo, don kada kai ya haɗu da bulo. Turmi, murhu da bokitai duk na kawar da su nesa. Ba tabarmar judo ba ce, amma 'yan kokawa ma a kan yashi suke yi. Sai dai yashi yana daskarewa in an yi ta faɗa masa, dole duk bayan kwana biyu in yaye tamfol in kafce shi da fartanya.

Mako na farko da na biyu a kwance na yi su. Ka kwanta rigingine, ka ɗaga kai har haɓa ta taɓa ƙirji, idonka a kan ƙullin ɗamara, sannan ka bugi ƙasa da hannu biyu. Bugun nan ba da tafin hannu kaɗai ba ne. Hannun gaba ɗaya ne, daga yatsu zuwa kusa da kafaɗa, tafin yana kallon ƙasa, kuma ba a manne da jiki ba, ba a shimfiɗe kamar fikafikai ba, tsaka-tsaki, wajen digiri 45 daga haƙarƙari. Hannun yana bugawa ya dawo, kamar wanda ya taɓa murfin tukunya mai zafi. Amfaninsa shi ne nauyin faɗuwar ya bazu a wuri mai faɗi maimakon ya taru a gaɓa ɗaya.

Inna ta fito ta same ni ina ta bugun tamfol, ta tsaya ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa? Mutane na roƙon Allah Ya tsare su daga faɗuwa, kai kana koyon ta?" Na ce, "Inna, ai shi ya sa." Ta girgiza kai ta wuce madafa.

Haɓar nan ita ce ta fi ba ni wuya. Kan babban mutum ya kai kusan kilo biyar, in baya ya sauka wuya yana sake, kan zai wuce ya bugi ƙasa da ƙeya. Ni ina rantsuwa haɓata a ƙirji take, sai da na jingina waya a kujerar tsuguno na ɗauki bidiyon kaina. Duk sanda bayana ya taɓa ƙasa sai kan ya yi baya kaɗan. Dabarar da na yi: na ninke tsohuwar hulata na danne ta da haɓa. In hular ta faɗi, wannan faɗuwar ba ta shiga lissafi ba. Ranar farko cikin ashirin, shida kawai na ci. Gaban wuyana ya yi tsami kwana uku, malam ya ce tsokar wurin ce ba ta saba aiki ba.

Daga kwance na koma zaune, daga zaune na koma tsugune, kowanne mako guda. A tsugunen ne na yi wautar da nake so ku guje mata. Ranar wata Laraba abin yana tafiya daidai, sai na ce bari in gwada daga tsaye, alhali malam bai ba ni izini ba. Ina yin baya tsoro ya kama ni, hannun dama ya fita da kansa ya tokare ƙasa. Ban yi shawara da shi ba, shi ya yanke wa kansa. Wuyan hannun ya kumbura kafin Magariba. Wani maƙwabci ya ce a kai ni wurin mai ɗori, na ce a fara ɗaukar hoto a asibiti tukuna, don wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne a jere, tsagewa tana iya ɓuya a ciki ta yi kama da targaɗe. Allah Ya taimake ni targaɗe ne. Kwana goma ban taɓa yashin ba.

Da na ba malam labari bai yi faɗa ba. Ya ce hannun nan tun ina rarrafe yake tare mini ƙasa, ba zai daina a mako huɗu ba. In aka tokare da shi a miƙe, nauyin jiki duka yana bi ta wuyan hannu, ya hau gwiwar hannu, ya ƙare a kafaɗa, duk wanda ya fi rauni a cikinsu shi zai biya. Kuma "daga tsaye" ba yana nufin ka faɗi kamar itacen da aka sare ba. Sai ka lanƙwasa gwiwa ka sauko, ɗuwawu ya sauka kusa da dunduniya, baya a tanƙware kamar ƙwarya, sannan ka mirgina ka buga. Wato faɗuwar tsugune ce dai, an ɗan ƙara mata tsawo. Ya kuma gano ina riƙe numfashi, ya ce in fitar da shi daidai lokacin bugun.

Faɗuwar gefe ta zo mini da sauƙi a dama. Ka share ƙafar dama ta gaban ta hagu, ka sauka a kan gefen dama, hannun dama ya buga, kai a ɗage. A hagu kuwa har yau kamar buhun gero nake zubewa. Ta gaba kuma daga durƙuso nake yin ta: hannu daga tafi zuwa gwiwar hannu ya sauka gaba ɗaya, fuska a juye gefe don kare hanci.

Mirginawa ta kan kafaɗa ban fara ta a gida ba, kuma ba zan fara ba sai malam ya gan ni da idonsa. Ba alkafurar yara ba ce da ake dasa kai a ƙasa, kan ba ya taɓa ƙasa sam, kuma kuskure a cikinta a wuya yake sauka. Haka nan ba na barin ƙannena su kayar da ni ko in kayar da su, duk da naci da suke yi. Ba na yi sai da mutum a gida, ba na yi bayan cin tuwo, kuma in na gaji na tsaya, don na lura bayan minti ashirin hular take fara faɗuwa. In har kai ya bugu aka ji jiri, ko amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko gani ya dushe, wannan zancen asibiti ne nan take, ba na shafa man zafi ba.

Jiya na yi ashirin ta baya daga tsugune, hular ba ta faɗi ko sau ɗaya ba. Asabar mai zuwa malam zai duba ni, in ya gamsu in fara daga tsaye a gabansa. Kafin nan gefen hagu zan sa a gaba, goma-goma kullum daga zaune. Yashin ma ya sake daskarewa, kuma Inna ta ce fartanyar tata ce, in nemi tawa.