Na yanki tikiti, amma ba ni da kujera

Mako guda ke nan da dawowata daga Turai, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, kafin hira ta yi nisa sai na kawo maganar jirgin ƙasa. Ƙasashe huɗu na ratsa, Jamus da Beljiyam da Faransa da Italiya, duk a kan dogo, kuma tun a ranar farko jirgin ya nuna mini ni baƙo ne.

Ranar Juma'a da yamma na sauka a filin jirgin saman Farankfot. Tashar jirgin ƙasa a jikin filin take, sai na je wurin na'ura na yanki tikitin Kolon, inda ɗan yayata yake karatu. ICE, jirgin Jamus mai gudu, ya iso, fari tas da jan layi a gefe, na shiga na sami kujera kusa da taga na zauna. Ko gyara zama ban gama ba sai ga wata mata riƙe da hannun yaro, ta miƙo mini wayarta tana nuna lamba. Ni ma na zaro tikitina, don a sanina wanda ya biya kuɗin tafiya ya biya kuɗin zama. Wani dattijo da ke ɗaya gefen ne ya raba mu. Cikin Turanci mai sauƙi ya ce tikitina ya ba ni izinin shiga jirgin ne kawai, kujera kuwa kama ta ake yi daban da 'yan yuro biyar da wani abu, kuma matar ta kama wannan. Ya nuna mini wani ɗan allo mai haske da ke rubuce da sunan garuruwa biyu, wato daga nan zuwa can kujerar tana da mai ita.

Na tashi na koma bakin ƙofa da akwatina, cikin matasa da suka zazzauna a ƙasa. Jirgin yana kai gudun kilomita 300 a awa a wannan layin, ga gajiyar jirgin sama, ƙafafuna har rawa suke yi. Can sai ga dattijon nan ya biyo ni. Ashe tashi ya yi ya bi taragon yana karanta allunan ɗaya bayan ɗaya, har ya samo kujerar da mai ita bai zo ba. Ya ce doka ce, in an yi minti 15 da tashi mutum bai zauna a kujerar da ya kama ba, ta zama ta kowa. Ya kai ni har wurin, ya taya ni ɗora jaka a sama, ya koma mazauninsa. Ban san sunansa ba, amma ina yi masa fatan alheri har yau.

Da na faɗa wa ɗan yayata abin da na biya, sai ya riƙe baki. "Kawu, ai da ka sanar da ni ranar zuwanka tun wuri, da ko rabin wannan ba za ka kashe ba." Ya buɗe manhaja ya nuna mini. Akwai tikitin da suke kira Flexpreis, wanda na saya, mai tsada, amma kana iya hawa duk jirgin da ka ga dama a ranar. Akwai Sparpreis da Super Sparpreis masu rahusa, waɗanda mai saurin saye kan samu ƙasa da yuro 20, sai dai sun ɗaure ka da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya. In ka makara, asararka ce. In kuwa jirgin ne zai makarar da kai minti 20 ko fiye, ɗaurin ya kwance, ka hau wani.

Na daɗe ina juya wannan tsari a raina. Ta wani gefen akwai adalci, domin ba a ɓoye komai ba, farashin yana gaban kowa, ba ciniki, ba sanayya. Amma wa ke biyan mafi tsada? Baƙon da bai san kan gari ba, da wanda aka kira cikin dare aka ce mahaifiyarsa na asibiti. Wanda ya fi kowa buƙatar tafiyar shi ake ɗora wa nauyi, kuma wannan bai kwanta mini ba.

A daren muka zauna muka yanki sauran tikitocin tafiyata gaba ɗaya. Daga Kolon zuwa Faris jan jirgin Eurostar na hau, wanda har zuwa 2023 ake kira Thalys, awa uku da 'yan mintuna ta hanyar babban birnin Beljiyam. A nan ƙa'idar ta juye. Ba a sayar maka da tikiti sai da lambar tarago da ta kujera, kuma in kujeru sun ƙare, jirgin ya cika ke nan, babu zancen tsayuwa. Haka TGV na Faransa yake. Na fi son wannan nesa ba kusa ba, hankalin mutum a kwance tun daga gida. Da zan je Liyon, tafiyar awa biyu, na zaɓi bene na sama, ina kallon gonaki da shanu farare suna wucewa. Sai dai a kiyaye, minti biyu kafin tashi ake rufe shiga, kuma jirgin yana da tsawo, in taragonka na can ƙarshe sai ka yi tafiya mai nisa da kaya.

A wata babbar tasha ce raina ya ɓaci. Na shiga layi don tambayar ko zan iya matsar da tafiyata da kwana ɗaya, a gabana akwai wasu mata da miji riƙe da Eurail, katin nan da ake sayar wa waɗanda ba mazauna Turai ba don su yi ta hawa jirage na wasu kwanaki. Sun ɗauka katin ya wadatar. Ba su san jirage masu gudu suna buƙatar kuɗin kujera a kai ba, kuma a wasu layukan kujerun da aka ware wa masu katin ƙidayayyu ne, suna ƙarewa tun jirgin bai cika ba. Ma'aikacin bai ko ɗago kai ba, ya ce babu wuri sai jibi, ya kira na gaba. Matar ta tambaye shi ko akwai wata hanya, ya yi mata nuni da na'ura da bakin alƙalami. Ni ma haka ya sallame ni. Dokar ba shi ya kafa ta ba, na yarda, amma me zai rage shi da shi in ya ce musu ƙananan jiragen yanki ba sa buƙatar kama kujera, za su kai su ko da a hankali? Wata ɗaliba da ke bayanmu ce ta yi musu wannan bayanin.

Italiya ta zo da sauƙi. Jirage biyu ke gasa tsakanin Milan da Roma, Frecciarossa da Italo, tafiyar kusan awa uku, kowanne da kujera a cikin tikiti, kuma na ga amfanin gasar a farashi. Abin lura shi ne tikitin takarda na ƙananan jirage, dole a soka shi a na'urar tasha ta buga masa lokaci kafin a hau, in ba haka ba tara ce.

Ranar komowa na hau Leonardo Express daga tashar Termini ta Roma zuwa filin jirgin sama, minti 32. Kafin in zauna sai da na duba sama da gefen kujerar, babu allo, babu sunan gari.