Akwatin sifikar jita: inda na kai da lissafin om

'Yan uwa masu koyo, salamu alaikum daga Damagaram. Akwatin sifikar jita da nake haɗawa ya fito daga hannun kafinta, ramukan sifika biyu na inci 12 sun yi daidai, saura wayoyi. A nan na dakata, don kafin dalma ta taɓa waya sai an san om nawa amfili, na'urar ƙara ƙarfin sauti, zai tarar a ƙarshen igiyarsa; om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita.

Sifikun biyu na hannu ne, a kasuwar Dole na same su, kuma takardar bayansu ta goge. Da na ɗora musu mita, ɗaya ta nuna 6.4, ɗaya 6.6. Kada wannan ya ruɗe ku, 'yan om 8 ne. Mita tana tura wutar batir mai tafiya gefe guda, don haka turjiyar naɗin wayar da ke cikin sifika kaɗai take gani. Sauti kuwa wuta ce mai kai-da-komo, kuma idan naɗin ya fara motsi a cikin maganaɗisu sai ya riƙa mayar da martani. Shi ya sa turjiyar sifika ba ta zama wuri ɗaya. A wajen sauti mai kauri, kusan hez 70 zuwa 100 (yawan girgiza a daƙiƙa) inda takardar fuskar sifika ta fi son rawa, takan ninka sau da yawa, ta sauko a tsakiya, ta sake hawa a siririn sauti. Lambar 8 da ake rubutawa ƙiyasi ne kawai. Abin da za ku riƙe: 'yar om 4 takan nuna wajen 3, 'yar 8 tsakanin 5.5 da 7, 'yar 16 wajen 12 zuwa 14. A cire sifika daga amfili kafin a auna. A kuma fara haɗa bakunan mitar da juna, abin da ta nuna a debe shi daga baya, don wayoyin mita masu arha suna da tasu turjiyar.

Hanyar haɗi biyu ce. Akwai jere, inda wuta ke shiga ta farko ta fita ta shiga ta biyu, wato baƙin kan wannan (mai alamar -) ya kama jan kan waccan (mai alamar +). A nan tarawa ake yi: 8 da 8 sun ba da 16. Akwai kuma kafaɗa-da-kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi. Wannan kamar an buɗe wa ruwa magudana biyu ne, ya fi wucewa da sauƙi, don haka turjiya ke raguwa: 8 da 8 sun koma 4. To ga abin da ya kamata mai saye ya sani tun bai zaro kuɗinsa ba: sifika biyu 'yan om 8 ba za su taɓa ba da akwatin om 8 ba, ko ta ina aka juya wayar. Mai son akwatin 8 sai ya nemi 'yan 16 biyu ya haɗa kafaɗa-da-kafaɗa, ko 'yan 4 biyu a jere. Mai sifika huɗu ya fi walwala: a jera biyu-biyu, sannan a haɗa jerin biyu kafaɗa-da-kafaɗa, sai akwatin ya dawo kan lambar sifika guda. Haka ake samun om 16 daga 'yan 16 huɗu a manyan akwatunan kamfanin Marshall.

Amfilina na tiransisto ne, an rubuta a bayansa cewa kada a sauka ƙasa da om 4. Lissafin na da daɗi idan aka bi shi. A ce yana fitar da bolt 20. A kan om 16 zai ba da wat 25, a kan 8 wat 50, a kan 4 wat 100 da amfiya 5 na wuta. A kai shi om 2, amfiya 10 ake nema a wurinsa, nan ne tiransisto ke gasuwa. Hawa sama ba ya cutar da shi, ƙarfi kawai ake rasawa. A zahiri ba ya ninkawa cif-cif, don wutar cikinsa tana ɗan faɗuwa idan an matsa masa, amma hanyar ke nan.

Amfili mai fitilu, wato mai kwalaben gilashi a maimakon tiransisto, dabam ne, kuma abokin da muke atisaye tare irinsa gare shi, da ramin jona sifika na om 8 da na 16. Shi yana da taransifoma tsakanin fitilun da sifika, kuma yana son a ba shi daidai abin da aka rubuta a ramin. Babban abin da ke kashe shi shi ne a kaɗa jita alhali ba a jona sifika ba: ƙarfin ba shi da inda za shi, sai bolt ya yi tsalle ya huda rufin wayar taransifomar. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Zango da na kai wa tambayar bai ja magana ba. "Yaro, ka duba igiyar sifika kafin ka duba maɓalli," in ji shi. Na ce, "Baba, in na jona akwatin 4 a ramin 8 fa?" Ya ce zai yi kiɗa, amma fitilu za su wahala, kuma samun madadinsu a garin nan ba wasa ba ne.

Saboda haka akwati ɗaya, amfili biyu, buƙata biyu: nawa yana son 4, nasa yana son 16, tunda akwatin ba zai ba da 8 ba. A yanzu na ɗaura kafaɗa-da-kafaɗa, mita ta nuna 3.3, daidai ke nan. Sai dai ina da ja a kan riƙe amfili a iyakarsa a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da gari ke haura digiri 40 ko a inuwa. Kiɗan biki irin na Agadas ba ya sassauci, sa'o'i ake yi ana jan sa. Ranar biki zan ba shi om 4 da fanka a bayansa, a gida kuwa sifika guda a om 8 ta ishe ni.

Wasu sukan haɗa duk abin da suka samu, 'yar 8 da 'yar 16. Ba na so. Kafaɗa-da-kafaɗa, 8 sau 16 a raba da 24, ya ba da om 5.3, lambar da ba ta dace da ramin mai fitilu ko ɗaya ba. Ga shi kuma 'yar 8 ce ke kwasar kashi biyu cikin uku na ƙarfin, ita za ta fara ƙonewa. Ko om ɗinsu ɗaya ne, idan ɗaya mai wat 25 ce ɗaya mai 60, akwatin wat 50 ne, don raba daidai ake yi kuma ƙaramar ce ke yanke hukunci.

Kafin dalma na gwada kawunan da batir mai bolt 9: a taɓa sau ɗaya a ɗauke, idan takardar ta turo waje, inda kan batir mai alamar + ya taɓa shi ne ja. Idan ɗaya na turowa ɗaya na ja baya, kauri ya ɓace, sauti ya zama fayau. Igiyar da ke tsakanin amfili da akwati ma kada ta zama irin ta jita, duk da kan nasu iri ɗaya ne, milimita 6.35. Zaren cikin ta jita siriri ne, ba a yi shi don amfiya 5 ba. Waya biyu masu kauri irin na fitilar ɗaki na sa.

Abin da ya rage shi ne maɓalli mai ƙafa shida da zai juya akwatin daga 4 zuwa 16 ba tare da an kwance baya ba. Na zana haɗin a takarda, ina neman wanda zai ɗauki amfiya 5 ko fiye, don ƙananan da na gani na rediyo ne. Zan rubuta lambar kowane gefe da fenti, kuma ba za a juya shi amfili na kunne ba, don a tsakiyar juyawa akwai ɗan lokacin da sifika ke yanke, abin da mai fitilu ba ya jurewa. Wanda ya taɓa sa irinsa a cikinku, ya faɗa mini ko girgizar akwati na sassauta shi.