Wa ya kamata ya buɗe tikiti a Jira?

Idan kowa a ma'aikata yana iya buɗe tikiti, wato shigar da sabon aiki ko matsala, a Jira, manhajar bin diddigin ayyuka, ba a daɗewa jerin ayyuka ke cika da maimaici: matsala guda, mutum uku sun shigar da ita, kuma babu wanda ya bayyana yadda ta faru. Daga nan sai shugaban aiki ya ce a taƙaita masu buɗewa. Taƙaitawar ba ta da wuya. Inda ake yin ta ne ke jawo ɓarna.

A Jira kowane tikiti yana ƙarƙashin wani shiri (project) ne. A nau'in shirye-shiryen da kamfani ke gudanarwa (company-managed), izinin buɗe tikiti yana cikin tsarin izini ne, wato jerin da ke faɗin wa zai iya yin me, kuma tsari guda kan riƙe shirye-shirye da yawa. Ka gyara wanda kowa ke rataye da shi, gobe sai sashen kuɗi su kira ka, su ma ba sa iya shigar da komai. Don haka fara kwafe tsarin, ka sa masa suna, ka haɗa shi da shirin da kake nufi kaɗai, sannan ka taɓa shi.

Wajen ba da izinin, a ganina matsayi a cikin shiri (project role) ya fi rukunin masu amfani (group). Rukuni sai babban mai kula da Jira ya saka mutum. Matsayi kuwa mai kula da shirin da kansa yake ƙarawa ko cirewa, kuma mutanen da ke cikinsa sun bambanta daga shiri zuwa shiri.

Abin da aka fi mantawa shi ne izinin nan ya wuce maɓallin buɗewa. Wanda aka cire ba zai buɗe ƙaramin tikiti a ƙarƙashin babba ba, ba zai kwafi tikiti ba, ba zai kuma kawo tikiti daga wani shiri zuwa wannan ba. Injiniyan da kawai yake son rarraba aikinsa gida-gida shi zai fara kuka. Haka ƙa'idojin da ke buɗe tikiti da kansu: a Jira na intanet akwai matsayin da aka ware wa manhajojin haɗi, in ka share shi daga izinin, sai su tsaya. Tikitin da ke shigowa ta imel ma ya danganta da izinin wanda ya aiko.

Izinin kuma bai san nau'in tikiti ba, ko duka ko babu. Mai son kowa ya kawo rahoton matsala amma mutum biyu kaɗai su buɗe babban aiki, sai ya koma hanyar tafiyar aiki (workflow), wato matakan da tikiti ke bi, ya ɗora mai tantancewa (validator), wanda ke duba tikiti lokacin da aka aika shi, a matakin farko, domin wannan matakin ba ya karɓar sharaɗi (condition) da zai tare mutum tun kafin ya fara. Aibinsa, sai mutum ya gama cike fom sannan a ƙi shi.

Masu tsarin kyauta na mutum 10 ba su da damar gyara izini ko kaɗan. Sauran kuwa, kafin a sanar da sauyin, a gwada sunan mutum ɗaya daga kowane matsayi a mataimakin izini (permission helper), wurin da Jira ke nuna ko mutum yana da wani izini, a kuma faɗa wa waɗanda aka cire inda za su riƙa kai buƙatunsu.