Tubali ɗaya na zare daga katanga

Har yau idan na bi ta filin nan na bayan unguwarmu a Greensboro, idona kan tafi kai tsaye ɓangaren hagu, kusa da layin yadi talatin. A nan yaron ya kwanta. Ɗan aminina ne, shekararsa 13 a lokacin, kuma ni na yi ta zarya gidansu har sau uku kafin mahaifinsa ya yarda ya bar shi ya buga ƙwallon Amurka. Ranar da ya amince, ya rako ni har bakin mota, ya ce, "Malam, amana ce na ba ka."

Shekara biyu na yi ina taimaka wa kocin ƙungiyar yaran unguwa, 'yan ƙasa da shekara 14, aikin sa kai bayan an tashi daga aiki. Tun ranar farko ya damƙa mini yaran nan biyar masu durƙusawa a gaban mai jifa, wato wanda ke jefa wa abokansa ƙwallo, don su kare shi: santa a tsakiya, gadi biyu a gefensa, takul biyu a bakin layi. Ni katanga nake kiran su. Ba wanda ke son wannan aikin, amma ni ya kwanta mini, domin a Maraɗi na tashi, kuma duk wanda ya taɓa shiga filin kokawa ya san cewa wanda ƙugunsa ya fi yin ƙasa, ƙafarsa ta fi kafuwa, shi ke tura ɗan'uwansa. Ina faɗin wannan ne don a gane cewa ba jahilci ya kai ni ba. Na san darajar katanga. Da aiki ya ɗauke kocin zuwa wani gari, ƙungiyar ta dawo hannuna, sai idona ya bar ta ya koma inda iyaye ke tafi.

Takul ɗinmu na hagu ba shi ne mafi girma a cikinsu ba. Amma yana da ƙafa, yana da natsuwa, kuma kaka uku ya yi a wurin nan kafaɗa da kafaɗa da gadi ɗaya, har sun kai ba sa buƙatar magana. Ga shi kuma da gudu. Wata rana bayan atisaye ya tsaya ya jira kowa ya watse, ya ce, "Koci, ni fa ba a taɓa kiran lambata a fili ba sai in na yi laifi." Gaskiya ya faɗa. Ɗan katanga zai yi wasa guda cur yana aikinsa daidai, ba wanda ya san yana wurin, sai ranar da alƙali ya jefa ƙyallensa rawaya. Ya roƙe ni in bar shi ya riƙa ɗaukar ƙwallo. Na tausaya masa, kuma ba zan ɓoye ba, na yi kwaɗayin makin da zai ci mana. Na mayar da shi baya cikin masu gudu. A gurbinsa na sa wani sabon yaro da bai fi mako biyu da zuwa ba, ƙato, ya fi kowa a ƙungiyar tsawo da nauyi. Na ce a raina wa zai ture wannan? Girman jiki ya ruɗe ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan watanni kafin nan na zauna a ɗakina na kalli Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararrun ƙwallon Amurka, ranar 7 ga Fabrairun 2021 a Tampa. Kansas City ta shiga ba ta da takul ɗinta biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk sun ji rauni. Mai jifarta Patrick Mahomes, wanda a lokacin ba a ganin akwai mai jifa kamarsa, ya kwana yana gudun ceton rai. Sau 29 'yan Tampa Bay suka matsa masa, bai kai ƙwallo gidan ci ko sau ɗaya ba, Tampa Bay ta ci su 31 da 9. Ni da bakina na ce wa waɗanda muke kallo tare, ga abin da ke faruwa idan ba katanga. Su rauni ne ya zare musu mutane. Ni da hannuna na zare nawa.

Ban tsaya nan ba. Atisayenmu minti casa'in ne, sau uku a mako. A da katanga na da rabin awarta ita kaɗai a gefen fili. Da na zama babba sai na rage musu zuwa minti goma, sauran lokacin suna tsaye riƙe da katifun karo, masu jifa da masu cafe suna ta maimaita dabarun da na zana a takarda da daddare.

Wasa uku na farko muka ci. Ƙungiyoyin ba su da ƙarfi, tsohon takul ɗina yana ta keta su da gudu, iyaye suna ta yaba mini. Alamu kuwa suna nan a fili. Sabon yaron kan motsa kafin santa ya miƙa ƙwallo, a ja mu baya yadi biyar. In an wuce shi ya cafko riga, a ja mu yadi goma. Bayan wasa na uku, a mota, ɗan aminina, wanda shi ne mai jifarmu, ya ce mini, "Baffa, ina jin su a bayana." Mai jifa da hannun dama idan ya ja baya zai yi jifa, ƙeyarsa yake ba wa hagu. Ba ya ganin abin da ke zuwa daga can, sai dai ya yarda da wanda aka ajiye masa. Yaron yana gaya mini ne cewa ya daina yarda. Na ce masa ya riƙa sakin ƙwallo da wuri. Wato na ɗauki laifina na ɗora masa.

Ƙungiya ta huɗu tana da koci mai ido. Bai kai ƙarshen zangon farko ba ya gano inda bango ya tsage. Dabarar da ya yi amfani da ita tsohuwa ce, kowa ya san ta: masu kai hari biyu su yi musayar hanya. Na waje ya kutsa ciki, na ciki ya ɗan jinkirta ya zagayo ta waje. Maganinta ma sananne ne: takul ya miƙa nasa ga gadi, ya tsaya a wurinsa ya jira mai zagayowa. Tsohon takul ɗina da gadinsa da ido rufe suke yin wannan. Sabon yaron kuwa ya bi mutuminsa ciki, kamar yadda duk wanda ba a koya wa ba zai yi. Mutum biyu suka taru a kan ɗaya, ɗayan ya fito fili ba mai taɓa shi. Daga bakin layi na hango shi. Na yi ihu, amma ihu bai kai gudun yaro ba. Ya haɗa mai jifar da ƙasa a kan kafaɗarsa, ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ya karye.

A asibiti mahaifinsa bai ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Ƙaddara ce, Malam. Allah ya kiyaye gaba." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na yarda da ƙaddara, amma na san wanda ya buɗe mata ƙofa.

Daren nan na karɓi bidiyon da wata uwa ta ɗauka da wayarta, na yi ta mayar da shi baya. Mai jifa na buƙatar daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku kafin masu cafe su isa inda aka tsara. Shi bai samu biyu ba. Na koma kan wasannin da muka ci, na ga ashe tun can haka abin yake: yana jifa da ƙafar baya, yana sakin ƙwallo kafin lokaci, idonsa ya bar masu cafe ya koma kan masu zuwa. Duk kuskuren da nake yi masa faɗa a kai, daga hagu yake tasowa. Har gadin ma ya lalace, domin rabin hankalinsa na kan taimakon sabon maƙwabcinsa. Ka motsa mutum ɗaya a katanga, wuri biyu ka ɓata, wani lokaci uku.

Sabon yaron ya zo Litinin da jakar kayansa zai mayar. Yana kuka, wai shi ya karya abokinsa. Na zaunar da shi a gaban sauran na ce ba shi ba ne, ni ne, domin ban taɓa nuna masa wannan musayar ko sau ɗaya ba. Sannan na kira tsohon takul ɗin gefe na roƙe shi ya koma wurinsa. Bai yi gardama ba. Shi ma bai yi barci ba.

Ƙaton na mayar da shi gadi na dama, inda yake da mutum a kowane gefe kuma ba a buƙatar ya rufe fili mai faɗi. A can nauyinsa ya yi amfani. Rabin awar katanga ta dawo, kuma ni da kaina nake tsayawa a kanta, masu cafe na bar wa mataimaki. Yawancin lokacin ba karo muke yi ba. Taku ne: matakin farko gajere, ƙafa ba ta haɗuwa da 'yar'uwarta, ƙugu a ƙasa, hannu a cikin ƙirjin abokin karo ba a kafaɗarsa ba. Na zana da'ira a ciyawa na riƙa sa su biyu-biyu suna ture juna kamar 'yan kokawa, ƙananan suna fitar da manya har manyan suka yarda su lanƙwasa gwiwa. Sai magana. Santa ya nuna abokin hamayyar da za a fara ƙirga daga kansa don kowa ya san wanda zai tare, ya faɗa da ƙarfi, kowa ya amsa. Musayar nan da ta cuce mu kuwa, ba ranar da muka tashi ba mu maimaita ta sau ashirin ba, hagu da dama.

Mai jifar da ya maye gurbi bai kai na farko hannu ba, nesa ba kusa ba. Na jefar da rabin dabaruna, muka koma gudu da gajeren jifa. Cikin wasa huɗu da suka rage mun ci biyu, an ci mu biyu. Amma masu gudun da nake ganin ba su da kirki sai ga shi suna samun yadi huɗu, biyar, kafin a taɓa su. Su ɗin ne dai, ƙofa ce aka fara buɗe musu. Kuma ba a sake kai mai jifarmu ƙasa ta hagu ba.

Kansas City ma gyara ta yi. Ta kawo Joe Thuney cikin katangarta, ta ɗauki Creed Humphrey da Trey Smith su ma don katangar, kuma a wasan ƙarshe na Fabrairun 2023 ta haɗu da Philadelphia da ta kayar da masu jifa sau 70 a kakar, amma ba su kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba. Bayan shekara biyu suka sake haɗuwa a New Orleans, an ɗauke Thuney daga gadi an kai shi takul na hagu don toshe wani rami. Sau shida aka kai Mahomes ƙasa, da masu kai hari huɗu kawai a gaba, Philadelphia ta ci su 40 da 22. Ban iya kallon wannan wasan har ƙarshe ba.

Iyaye 'yan'uwana da ke nan Amurka, masu tambayata ko su bar yaransu su shiga: kada ku tambayi koci wasa nawa ya ci bara. Ku je atisaye ranar Talata ku tsaya, ku duba inda manyan yaran nan biyar suke, da wanda ke tsaye a kansu. In kun same su riƙe da katifu suna hamma, ku ɗauki ɗanku ku tafi.

Ƙashin ya haɗe bayan wata biyu. Ban sake zuwa gidansu roƙo ba, ba ni da fuskar yin haka. Da lokacin rajista ya zagayo, bayan sallar Juma'a yaron ya same ni wajen takalma, ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, wa ke hagu bana?" Na faɗa masa. Ya ce to a rubuta sunansa. Mahaifinsa ya sa hannu a takardar, amma har kakar ta ƙare uban bai taka filin ba.