Rumbun ajiyar da zan amince masa da muryar mawaƙi

Shekara huɗu ke nan ina ɗaukar waƙa da laftof a wani ɗaki da na killace a gidanmu na Tudun Wada, kuma tambayar da matasa masu shigowa harkar suka fi yi mini ita ce wane rumbun ajiya na waje, wato na'urar adana bayanai da ake jonawa da kwamfuta, ya kamata su saya. Yawancinsu suna zuwa ne da maganar girma da gudu a baki, wato terabait nawa yake ɗauka, kuma megabait nawa yake kwasa a daƙiƙa. Ni ma da wannan lissafin na fara, sai da na yi asarar da har yau take ci mini rai kafin na gane cewa a Zariya ba gudu ne matsalarmu ba.

Bari mu fara kawar da batun gudun, domin lissafinsa ba shi da wuya. Idan kana ɗaukar murya a ma'aunin bit 24 da kilohaz 48, layin sauti guda yana cin kimanin megabait 8.6 a minti ɗaya. Waƙar minti biyar mai layi 16, wato murya da amshi da kalangu da sauran kayan kiɗa, ba za ta kai megabait 700 ba, kuma abin da take buƙatar a rubuta a kowace daƙiƙa bai kai megabait uku ba. Ko tsohuwar kafar USB 2.0 tana iya wuce megabait 30 a daƙiƙa, balle USB 3.0 da ta fito a 2008. Inda gudu yake da amfani shi ne wurin mai aiki da manyan tarin sautuka irin na manhajar Kontakt a cikin manhajojin haɗa kiɗa kamar FL Studio ko Cubase, domin a nan manhajar tana tsintar ƙananan guntaye ne daga wurare barkatai, kuma rumbu mai faifai, wato wanda yake rubutu a kan faifan da ke juyawa a cikinsa, musamman mai juyi 5,400 a minti, yana jan ƙafa a irin wannan aiki.

Asarar da na ambata ta faru ne da bazarar bara. Wani dattijo mai kukuma ya zo daga wajen Giwa, muka kwana biyu ina ɗaukar waƙoƙinsa, waɗansu ma ya ce rabonsa da rera su tun rasuwar maigidansa da ya koya masa kiɗa. A lokacin ina amfani da babban rumbu na kan tebur, irin mai inci uku da rabi wanda yake da wayar wutarsa daban. Muna tsakar ɗaukar waƙar ƙarshe aka ɗauke wuta, laftof ya ci gaba da aiki da batirinsa, rumbun kuwa ya mutu yana tsakiyar rubutu. Da aka dawo da wuta, kundin aikin rana ta biyu ya ƙi buɗewa. Na ce masa, "Baba, a gafarce ni, aikin yau ya salwanta." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ba kome, ɗana, in da rabo za a sake." Ya dawo bayan wata biyu, amma muryar ba ta fita kamar ta farko ba.

Saboda haka sharaɗina na farko shi ne rumbun ya sha wuta daga jikin laftof ta wayar USB kaɗai. Na biyu, wanda za a riƙa ɗaukar sauti a kansa ya zama SSD, wato rumbun da ba shi da faifai, irin su Samsung T7 ko SanDisk Extreme. Dalili shi ne babu abin da yake motsi a cikinsa, alhali rumbu mai faifai yana da allurar da take shawagi dab da fuskar faifan, kuma girgiza mai ƙarfi ko faɗuwa daga kan tebur yana cikin aiki tana iya lalata shi. Wanda yake saka kayan aiki a jaka ya hau acaɓa daga Sabon Gari zuwa Samaru ya san abin da nake nufi. Akwai kuma batun ƙara: makirufo mai kaifin ji yana kama gurnanin faifai idan ɗakin ƙarami ne, SSD kuwa shiru yake. Gara SSD mai gigabait 500 da rumbu mai faifai na terabait biyu, in dai don ɗaukar murya ne.

Wannan ba yana nufin mai faifai ba shi da gurbi ba. Shi ne mai araha, kuma shi ya dace da ajiye kwafi na biyu, a aljihun tebur, nesa da ƙurar hunturu da zafin taga.

A wurin saye a yi hattara da jabu. Rumbun terabait ɗaya na gaskiya yana nuna kimanin gigabait 931 a Windows, wannan ba ha'inci ba ne, bambancin lissafi ne kawai. Ha'incin shi ne wanda aka shirya ya nuna girman da ba shi da shi, kuma manhajar H2testw tana tona asirinsa ta hanyar cika shi da bayanai ta sake karantawa. Idan na hannu ne, CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da ya riga ya yi yana aiki. A kuma duba tsarin adana fayil da aka shimfiɗa masa, domin tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait huɗu, NTFS kuma kwamfutar Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Idan za ka riƙa kai aiki situdiyon da suke amfani da Mac, exFAT ne yake tafiya a duka biyun, sai dai ba ya jure a zare shi ba tare da an sallame shi daga kwamfuta ba.

Ni yanzu akwatin sautina, wanda yake haɗa makirufo da laftof, yana kan kafar USB guda, SSD yana kan wata daban, ba na haɗa su a mahaɗa ɗaya, kuma kafin mawaƙi ya sa takalminsa na riga na kwafe aikin ranar zuwa rumbu na biyu.