Abin da ya kwanta a gindin kwalba ba duka ne eksosom ba

Eksosom 'yan ƙunshi ne da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, faɗinsu nanomita 30 zuwa 150 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), kuma ana son a cusa musu magani su kai shi inda ciwo yake. Darasin da aikin ke koyarwa da wuri shi ne, yawancin abin da ake murna an samu, gurɓata ce.

Matsalar tana farawa tun daga abincin ƙwayoyin da ake renonsu a ɗakin gwaji don a girbi eksosom ɗinsu. Ruwan jinin tayin saniya da ake zubawa yana ɗauke da nasa 'yan ƙunshin. In ba a juya shi a injin wulwulawa kusan awa 18 a ƙarfin g 100,000 (wato ninkin jan ƙasa sau 100,000) ba kafin amfani, na saniya za a girba ana zaton na mutum ne. Wajen tacewa kuwa ana hawa mataki-mataki: g 300 na minti 10, sai 2,000, sai 10,000 na minti 30, sannan 100,000 na minti 70. Duk da haka dunƙulen furotin na kwantawa tare da su, kuma na'urar ƙidaya ba ta bambancewa, duk abin da ya gifta lissafa shi take yi. Shi ya sa dole a nemi furotin da ke nuna eksosom ne, wato CD9, CD63, CD81 da TSG101, a kuma tabbatar babu kalneksin, furotin da ke nuna gurɓata daga tarkacen ƙwayoyi.

Cusa maganin ya fi yaudara. A 2011 masu bincike a Oksfod suka haɗa RVG, guntun furotin mai neman ƙwayoyin jijiya, da furotin Lamp2b na jikin eksosom, suka kai siRNA, guntun sinadarin gado mai kashe aikin ƙwayar gado, ƙwaƙwalwar ɓera. Kowa ya rungumi hanyarsu ta cusawa, wato huda ƙunshin da wutar lantarki. A 2013 aka nuna cewa ƙarfen alminiyam da ke narkewa daga kwalbar hudawar yana dunƙule siRNA, dunƙulen ya kwanta kamar ya shiga ciki. Gwajin da ke tona wannan mai sauƙi ne: a maimaita komai ba tare da eksosom ba. In har an ga kwantacce, to ba a cusa komai ba. Abin takaici ne yadda ake tsallake wannan gwajin.

Bayan allura, hanta da saifa na kwashe mafi yawa cikin mintuna. A ajiya kuma, ruwan gishirin PBS kaɗai na sa su manne jikin roba; ƙara furotin albumin da sukarin tirehalos, a raba ƙanana a ajiye a sanyin -80°C, kada a narkar sau biyu.

A Disambar 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi bayan wasu majinyata a Nebraska sun kamu da rashin lafiya mai tsanani daga allurar eksosom da ba ta amince da ita ba.