Yadda muka yi wa 'yarmu da babanta allurar ƙarambau a Ingila

Lokacin da 'yarmu ta shiga makarantar rainon yara a Manchester cikin 2023, babu riga-kafin ƙarambau a jerin alluran da hukumar lafiya ta NHS ke yi wa yara kyauta. Mai so sai ya je kantin magani ya biya, allura biyu wajen fam 150. Ga mai fama da kuɗin haya a garin nan, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Yawancin iyayen da na tuntuɓa ba su ga dalilin biya ba. Wata maƙwabciyata Baturiya ta ce a da idan ɗan wani ya kamu, da gangan ake kai sauran yara su yi wasa da shi, su ɗauka tun suna ƙanana a huta. Surukata da na kira a Zariya ita ma kusan haka ta ce. "Ke 'yar nan, ƙarambau ai kowa sai ya yi. A dafa ganyen darbejiya a yi mata wanka, a yanke mata farce kada ta yi susa, shi ke nan." Na ce, "To Hajiya, shi baban nata ya yi yana yaro?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ƙannensa dai sun yi, amma a lokacin shi yana makarantar kwana.

Gwajin jini ya nuna maigida ba shi da kariya ko kaɗan. Likita bai yi mamaki ba. A Ingila kusan yara tara cikin goma suna yin cutar kafin su balaga, amma a ƙasashe masu zafi mutane da yawa kan girma ba su yi ba. Kuma ƙarambau a jikin babba ba wasa ba ne: tana iya sauka a huhu ta kwantar da mutum a asibiti, ga mai juna biyu kuwa har abin da ke cikinta yana cikin haɗari. Da 'yarmu ta kwaso ta daga makaranta, babanta za ta fara kawo wa.

Na so in san dalilin da ya sa Ingila ta ƙi abin da Amurka ta fara tun 1995, Jamus ta bi a 2004. Ashe kwamitin masana da ke ba gwamnati shawara kan alluran riga-kafi ya duba batun a 2009 ya ce a'a, kuma hujjojinsa ba na banza ba ne. Ƙwayar ƙarambau ba ta barin jiki. Tana laɓewa a jijiya, bayan shekaru ta taso da ƙuraje masu zafi kamar garwashi a gefe ɗaya na jiki. An yi zaton cewa cuɗanya da yara masu ƙarambau tana sabunta garkuwar jikin manya, don haka idan yara suka daina yi, ƙurajen jijiya za su yawaita ga tsofaffi. Sai kuma tsoron cewa idan ba a yi wa yara da yawa ba, cutar za ta ragu amma ba za ta ƙare ba, ta koma kama mutane bayan sun girma. Wannan ta biyun na yarda da ita, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasar da za ta fara shirin ta tabbata za ta kai kashi 80 cikin 100 na yaranta. Ta farkon ce ba ta kwanta mini ba. A bar ƙananan yara su sha wahala don su zama kariya ga manya? Kafin allurar, Amurka kan binne mutum 100 zuwa 150 duk shekara saboda ƙarambau, da yawansu lafiyarsu ƙalau kafin ta kama su. Bayan shekara 25 ana yi, masu kamuwa sun ragu da fiye da kashi 97 cikin 100.

Muka je kantin magani don a yi wa 'yarmu da babanta tare. Kafin mai kantin ta buɗe firiji sai da ta yi tambayoyi: akwai mai shan maganin da ke raunana garkuwar jiki? Akwai mai juna biyu a gidan? Ta ce ƙwayar da ke cikin allurar mai rai ce da aka raunana, shi ya sa ba a yi wa mai ciki ko mai fama da cutar daji. Ta kuma ja mana kunne kada a ba yarinya asfirin.

Wurin allurar ya yi ja ya ɗan kumbura, jikinta ya yi ɗumi da dare na ba ta farasitamol. Bayan kamar mako biyu wasu ƙananan ƙuraje suka fito kusa da wurin, hankalina ya tashi, amma an riga an gaya mana hakan na faruwa, kuma suka bushe da kansu. Da cutar ta ratsa ajinsu daga baya, ƙawarta ta yi har cikin baki, ko ruwa ba ta iya haɗiya sai da kuka. Tamu ba ta kamu ba, babanta ma haka.

A Nuwamban 2023 kwamitin nan ya sauya ra'ayi bayan ya duba abin da ya faru a Amurka, kuma daga Janairun 2026 ana haɗa ta da allurar ƙyanda, a yi wa yaro yana wata 12 da wata 18. Haɗin yana ɗan ƙara yiwuwar jijjigar zazzaɓi bayan allurar farko, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye wannan ƙarara, kada su ji a bakin wasu.

Ƙanwata da ke Kano ta tambaye ni ko ta yi wa nata yaran. A Najeriya allurar ba ta cikin waɗanda gwamnati ke yi kyauta, sai a asibitin kuɗi. Na ce ta fara bincikar wane babba ne a gidan bai taɓa yi ba, musamman matan da ke shirin haihuwa. Idan kuma ta je, ta duba ranar ƙarewar wa'adin maganin da idonta, ta tambayi yadda suke riƙe sanyin firijinsu idan an ɗauke wuta, don zafi na lalata wannan allurar.